Ganyen Wankan Jego a Ireland

Lafiya zuwa Abuja

Ana kiran assalatu ɗan acaɓa ya ɗauko ni daga unguwarmu Akurba zuwa tashar mota. Ni da ko Makurɗi ban taɓa kwana ba, wai zan Ireland, 'yata Balki ta haihu. A shingen Akwanga wani ɗan sanda ya shinshina jakata.

"Mama, wetin be dis?"

"Yajin jego ne, ɗana."

Ya yi atishawa, muka wuce. Maganar jirgi ku bar ta, idona a rufe har muka sauka.

Yankin Clare

Mijin Balki ya kai ni ƙauyen da suke haya wurin wani tsoho, Mista Maikel. Ruwa ba ya ɗaukewa. Darbejiya kuwa babu ko ɗaya, da me zan yi wa yarinya wankan jego? Sai na hango wata bishiyar ƙaya ita kaɗai a tsakiyar gonarsa. Na karyo masu taushin ganye, na shigo da su.

Wallahi da tsohon nan ya gani, fuskarsa ta koma kamar kamu. Balki na fassara:

"Inna, wai bishiyar ƙananan mutanen ɓoye ce. Kakansa ya ce wani ya taɓa saranta, suka ɗauke masa jariri, suka ajiye nasu a shimfiɗa. Wai ki zuba musu madara, ko mu tashi daga gidan."

Na riƙe baki. Bature! Mai tarakta biyu! Da ɗanyen jego za a kori 'yata cikin wannan sanyi?

Na ce, "Faɗa masa ganye zan mayar. Amma ni Musulma ce, ban yi wa iska baiko."

Sai ya ɗauko kwalbar madara. Muka fita cikin yayyafi, na ajiye ganyen a gindin bishiyar ina Ayatul Kursiyyu, shi ya tsiyaya madarar da hannunsa yana ta ba su haƙuri. Da yamma ya aiko da dankali, ya ce mu zauna.

Gida

Da arba'in ta cika na dawo lafiya, alhamdu lillahi, na gode wa duk wanda ya raka ni da addu'a. Na ba maƙwabciyata Mama Ngodoo mai doya labari, ta tafa hannu.

"Madara kawai? Kai, iskan turawa ba shi da tsada. Namu ko akuya ka kawo sai ya duba ƙiba!"