Na wanke wayar Walida a ƙwarya

Yaya Hadiza, daren jiya na yi wani mafarki. Ke na fara tunawa da na tashi.

Kin san 'yarki Walida tana shirin jarrabawa a jami'a, kuma karatun nasu yanzu duk a waya yake. Da ta zo hutu ban ga littafi ko ɗaya a jakarta ba. Ta ce malamai a waya suke turo darasi, su ma ɗaliban sun fi son haka. Abin ya tsaya mini a rai.

To a mafarkin, wai na je makarantarsu in kai mata rubutun sha, irin wanda nake karɓo mata wajen malam tun tana firamare idan jarrabawa ta matso. Ajin nasu ba rufi, kujerun a jere cikin gonar gero. Ɗalibai maƙil, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya, babu malami. Wata murya ce dai take fitowa daga wayoyin, tana ta bayani.

Sai kawai na duba ƙwaryar da ke hannuna, na ga ruwa ne zalla, ba rubutu. Hankalina ya tashi. Ina cikin haka sai ga Walida kusa da ni, ta ɗora wayarta a cinyata. Fuskar wayar cike da rubutu baƙi ƙirin, kamar na allo. Na ce a raina, ai ga shi nan. Na yi bismilla, na tsoma ta a ƙwaryar, na shiga wankewa a hankali. Rubutun yana sauka, ruwan yana yin baƙi, har wayar ta koma fara fat.

Sai kawai aka kaɗa ƙararrawa, ɗaliban suka miƙe, wai lokacin jarrabawa ya yi. A nan na gane abin da na aikata. Na ce, "Walida, na goge miki karatun ko?"

Ta karɓi ƙwaryar ta sha, ta shafa ragowar a fuska kamar yadda take yi tana ƙarama. Ta gyara mini mayafi, ta ce, "Umma, kin sha hanya." Ta bi 'yan'uwanta ɗalibai cikin geron. Ni kuma na tsaya ina goge wayar da bakin zane, ko rubutun zai dawo. Ina cikin gogewa na farka, ana kiran sallar asuba.

Yaya, har na ɗauko waya zan kira ta in ce ta kwafe karatun a takarda, sai na fasa, kada in ɗaga wa yarinya hankali ga jarrabawa a gabanta. Shin gargaɗi aka yi mini cewa wayar za ta ba ta kunya? Ko kuwa ni ce zan ɓata mata abu da shisshigina? Don Allah ki faɗa mini, in kira ta ko in yi shiru?