Rijiyar Baba Ɗanliti Mai Kaiwa Teku

Baba Ɗanliti bai taɓa ganin teku ba. Iyakar tafiyarsa Funtuwa, ita ma biki ne ya kai shi. Amma duk unguwar Ƙofar Guga babu mai ba ka labarin teku kamarsa, don a cewarsa ƙofarta ta baya a unguwarsu take.

Yasar rijiya ce sana'arsa, ya gaje ta wurin ubansa. Ɗan tsamurmurin tsoho ne, murya ta fi jiki. In ya ɗaura igiya a ƙugu sai ya leƙa ya yi wa rijiya sallama, ya saurara kamar za a amsa, sannan ya sauka. Abin da ya tsamo, guga ne, takalmi ne, murfin tukunya ne, ya baje a rana kowa ya zo ya gane nasa. Da burtsatse ta cika gari aiki ya ja baya, sai ya tare a bakin tsohuwar rijiyar bayan masallaci, yana gyara mata baki yana hana yara jefa dutse. Ba wanda ya sa shi, son ta kawai yake yi.

Ruwanta zartsi ne, sai dai wanki. Shi kuwa ya ce ɗanɗanon teku ke nan. Ubansa ya gaya masa cewa ƙoƙon kakarsu ya taɓa faɗawa ciki, da shekara ta zagayo wani falke ya tsince shi a bakin ruwa a Ikko, ya gane zanen gidansu, ya dawo da shi. Kowa a unguwar ya ji wannan labari har ya haddace. Manya su yi dariya, amma ban taɓa ganin wanda ya tashi kafin a kai ƙarshe ba.

Bakinsa ne ya ja masa. Akuyar wata maƙwabciya, Hauwa'u, ta ɓace, aka ga murfin rijiya a goce. Ya shiga ya lalube, babu ko gashi. Mai hankali zai ce ɓarawo ne. Baba Ɗanliti ya fito yana matse wando ya ce, “Haƙuri za ki yi, ɗiyata. War haka ta wuce Ilori.”

Nan fa hankalin iyaye mata ya tashi. Ramin da ya kai akuya Ilori, me zai hana shi kai yaro? Suka yi gayya zuwa ƙofar mai unguwa, Malam Haruna, suka ce a rufe rijiyar da siminti.

Malam Haruna ba ya son rufewar, don ya san abin da rijiyar take a wurin tsohon. Ya sa aka kira shi, aka gaisa har gaisuwa ta gaji, sannan ya ce, “Baba, abu mai sauƙi ne. Ka hwaɗa masu labarin ga tatsuniya ce, rijiya tana da ƙasa kamar kowace. Sai mu sa mata murhi da kwaɗo, a bar maka abarka.”

Har ido ya ƙifta masa. Kowa ya san wanda ya sha taka ƙasan rijiyar nan da ƙafarsa ba wani ba ne, shi ne.

Tsoho ya daɗe yana murza hula. Ya dubi matan, ya dubi lungun da ke bi bayan masallaci.

“Ranka shi daɗe,” ya ce, “mi kake so in ce? In tsaya gaban jama'a in ce ubana maƙaryaci ne? Shina kwance cikin kabari, ba shi iya kare kanshi. Teku take kaiwa.”

Wasu suka fashe da dariya. Malam Haruna bai yi ba.

Ranar Asabar magina suka zo da rodi da siminti don rufe rijiyar. Baba Ɗanliti ya riga su isa. Ya hana kowa kwaɓa simintin, ya ce su yaran yanzu yashi suke cikawa, in ruwa ya taso daga Ikko ba zai riƙe ba. Shi ya kwaɓa, shi ya miƙa, yana faɗa yana gyara musu aiki, hawaye na bin gemunsa bai ko share ba.