Luguden Ladi daga tsallaken kogi

Jama'a, Ladi na da rai!

Mu huɗu ne jiya: ni, ɗana Adamu mai tuƙi, matarsa Sakina, da Malam Isa maƙwabcinmu na unguwar Hajj Yusuf. Gaisuwar rasuwa muka kai ƙauyukan gabas, bakin kogin da ya raba mu da Habasha. Muna dawowa mota ta yi zafi. Adamu ya sauka ɗebo ruwa, ni ina gadin kaya.

Sai na ji daka daga tsallake. Bugu biyu, tafi uku, sannan a ƙwanƙwasa bakin turmi. Innarmu ce ta koya mana wannan lugude, ni da ƙanwata Ladi kaɗai. Ladi kuwa tun da yaƙi ya tarwatsa mu daga yankin Jazira babu labarinta, har sadakar rasuwarta mun yi.

Na ce, "Ku yi min shiru!"

Sakina ta ce, "Ya Hajja, daka ai daka ne."

Na ce, "Ke mai kai hatsi inji, me kika sani?"

Na ƙwala kira, iska ta kwashe muryata. Mai kwalekwalen fito ya riga ya tashi daga aiki. Adamu ya ce mu kama hanya. Na ce ya tafi, ni nan zan kwana.

Yau da safe na ari turmi a ƙauyen, Adamu ya kai min bakin ruwa. Na buga biyu, na tafa uku, na dakata. Sai aka ƙwanƙwasa bakin turmi daga can! Ga wata mata ta fito a guje, taɓarya a hannu, tana ihun sunana: "Yaya Kande! Yaya Kande!"