Larabar Mata a Wurin Iyo

Ban iya ruwa ba lokacin da aka ba ni riƙon wurin iyo na garinmu, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Wani attajiri ne ya gina shi a bakin gari, tafkin siminti mai katanga, ya miƙa wa kwamitin dattawa. Su kuma suka rasa mai iyawa da hayaniyar wurin sai ni, tsohuwar malamar firamare mai ƙiba da ƙatuwar murya. Aka haɗa ni da masu ceto uku, samari majiya ƙarfi, kowa da usur a wuya. Aikina in tabbatar idonsu yana kan ruwa, ba kan waya ba.

Ni na nace a ware wa mata ranar Laraba. A shekarun nan gari ya cika da matan da 'yan bindiga suka taso daga wajen Dogon Dawa da Kuyello, kuma na gaji da jin labari iri ɗaya: ana gudu da damina, a iso bakin rafi, uwa ta tsaya da goyo ta rasa yadda za ta yi. Na ce ko ba komai su koyi riƙe kansu a saman ruwa.

Larabar farko mata suka cika wurin. Na shiga ajiye jakata, ina fitowa na tarar da masu cetona sun juya kujerunsu, sun ba ruwa baya, sun zuba wa katanga ido.

"Me kuke gadi a jikin bulo?" na tambayi babbansu.

"Malama, matan aure ne fa," ya ce, kansa a ƙasa. "Har da matar kawuna a ciki. In an yi ihu za mu juyo."

Ban ga laifin tarbiyyarsu ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai, don su da bakinsu suka koya mini cewa wanda ruwa ke ci ba ya samun bakin ihu. Ban gama faɗa ba zanen wata mata ya naɗe mata ƙafafu a inda ruwan bai wuce ƙirji ba, ta yi ƙasa shiru. Da gorar ceto na jawo ta.

Labari ya riga ni isa wurin kwamiti. Shugabansu dattijo ne mai sanyin magana, wanda in ya yanke ba ya waiwaye. Ya ce maza ba za su zauna suna kallon matan mutane ba, mata kuma ba za a bar su babu mai lura ba, saboda haka a rufe Laraba. Na roƙi a ba ni lokaci in samo mata masu ceto.

"Malama, mace ta ɗauko mace daga ruwa? Ai biyu za mu rasa," ya ce. Amma ya ba ni sati uku, ina jin don ya rabu da bakina.

A kasuwa na sami wadda nake nema, tana sayar da busasshen kifi. 'Yar masunta ce daga bayan Dogon Dawa, siririya, ba ta da yawan magana. Ta ce a ruwa ta tashi, ita da ƙanwarta. Iyo kam sun iya, dabarun ceto ne babu. Sai muka tsara: da safe samarin su nuna a jikin junansu, matan suna kallo daga baki, sannan in kore su waje in kulle ƙofa, matan su gwada da buhun yashi. Na sa tela ya ɗinka musu dogon wando da riga mai dogon hannu, na kuma kafa doka cewa babu mai shiga ruwana da zane. Na yi masifa a satin nan uku har muryata ta dushe.

Ranar gwaji dattawa suka shimfiɗa tabarma a waje, a gindin mangwaro, suka turo matansu su zama idonsu. Aka jefa buhu a ɓangaren zurfi, 'yar masunta ta fito da shi kafin a ƙifta ido. Na juya ina washe baki, sai na ga Hajiya, matar shugaba, ko gezau.

"Malama, buhu ba ya shure-shure," ta ce. "Ba ya shaƙe wanda ya zo cetonsa. Me zan ce wa Alhaji na gani?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya yi mini zafi. Na duba matan da ke wurin, babu wadda zan iya ce wa ta ba da ranta aro. Na cire takalmi, na miƙa wa Hajiya wayata da mayafina, na taka zuwa ɓangaren zurfi. Na yi bisimilla na saki jiki.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Duk dokokin da nake karanta wa mutane suka gudu daga kaina. Na buɗe baki na sha ruwa, na yi ta duka da hannu da ƙafa, da na ji mutum kusa da ni kuwa na cafke wuyanta da iya ƙarfina. Sai 'yar masunta ta yi abin da aka koya mata: ta nutse ƙasa har na sake ta, ta ɓullo ta bayana, ta tallabo haɓata, ta kwantar da ni rigingine. Na ga sama. Ƙanwarta ta miƙo gora, suka fito da ni kamar an jawo tsohuwar katifa.

Ina kwance a kan siminti ina amayar da ruwa, 'yar masunta ta durƙuso tana haki.

"Malama, kin fi buhun nan nauyi," ta ce.

Dariya ta zo mini tare da tari da hawaye. Daɗin da na ji a lokacin ya fi na duk wata takardar yabo da aka taɓa ba ni a makaranta.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ajiye mini wayata a kan mayafin, ta gyara lulluɓi, ta nufi ƙofa. Ba ta fita ba, ta dai buɗe ƙofar kaɗan ta leƙa.

"Alhaji, na gani da idona. Yarinyar nan ta ɗauko Malama, Malama kuwa ka san ta," ta ce. "Ku naɗe tabarmarku, Laraba tamu ce. In ka bi ta wurin tela, ka ce ya ɗinka mini irin wandon nan, zan aika masa da awo."