Fitilar da Albert Ya Rufe

Shekara goma sha tara Albert Dogara yana jan bas ɗin majami'arsu ta Samaru, ko kaza bai taɓa takawa ba. Mutumin Zonkwa ne, ya zo Zariya yana saurayi, ya yi karen mota a tashar Sabon Gari kafin ya kama sitiyari. Dogo ne marar son magana, yakan wanke mota kafin ya wanke fuskarsa. Ranar Lahadi wurin zamansa benci na biyu a gefen maza, matarsa Clara kuma tana gaba cikin 'yan zumuntar mata. Aibinsa ɗaya na sani: gani yake duk duniya ba wanda ya kai shi sanin motar nan.

Da bazara ta kama, sai bas ta fara shan mai ba ƙaƙƙautawa. Tankin da yake kai su Kaduna ya dawo da su, yanzu a Jaji yake ƙarewa. Ba a daɗe ba wata ta ce ta ga Albert a Palladan da jarka a hannu. Ruwan lagireto ne a ciki, amma wa ya tsaya shinshinawa?

Dattijo Emenike, mai shagon tayil a Unguwar Gabas, shi ne shugaban kwamitin mota. Ranar Laraba ya kira Albert ofis.

"Malam Albert, ban ce kai ɓarawo ba ne, amma mai ba ya tashi sama," in ji shi. "In ba a gano inda yake zuwa ba kafin Lahadi, za a karanta sunanka a gaban ikkilisiya."

Albert ya san abin da ke biyo bayan haka. Wanda aka sa a horo, bencin baya ne wurinsa, can bakin ƙofa, inda duk mai shiga sai ya gan shi. A karɓe makulli bai dame shi ba kamar a ce jikokinsa su waiga su gan shi a can. Da ya gaya wa Clara, sai ta ci gaba da tsinke alayyahu. Shirun nan ya fi maganar Dattijo yi masa ciwo.

Ranar Asabar da hantsi shi da Emenike suka nufi Chikaji da bas ɗin, wurin Ƙauna mai wayarin, wadda aka ce tana da kwamfutar duba mota. Albert bai taɓa yarda da irin waɗannan ba. Shi a wurinsa kunne ne kwamfuta. Amma yau ba shi da bakin musu.

Ƙauna gajera ce, ba ta wuce talatin da biyar ba, da tabarau rataye a wuya. Ta soka igiyar na'urar a ƙarƙashin sitiyari, ta murɗa makulli, ta tsaya tana kallon dashbod.

"Baba, fitilar injin motarka ba ta kamawa ne?"

Albert ya yi kamar bai ji ba. Ƙauna ta kai farce kusa da agogon gudu, ta taɓa wani ɗan baƙin salatif da aka yanka daidai aka liƙa da kyau, sai mai ido zai gan shi. Ta dubi Albert, ta janye hannunta, ba ta ɓare ba. Emenike yana bakin ƙofa yana amsa waya.

Ta tayar da injin, ta bar shi ya yi zafi. Fankar injin tana ta kuka tun daga murɗa makulli. Can sai ta yi 'yar dariya, ta miƙa wa Emenike na'urar.

"Oga, duba nan. Motarku cewa take tana cikin sanyin digiri arba'in ƙasa da sifiri."

"A Zariya? A watan Afrilu?"

"Haka ƙwaƙwalwarta ta ɗauka. Akwai sensa mai gaya mata zafin ruwan injin. In ta daina jin muryarsa, sai ta ɗauka injin a daskare yake, ta yi ta zuba masa mai don ya ɗumama. Dare da rana haka take yi. Ga ɓarawonku."

Ta ɗaga murfin injin, ta sa hannu ta laluba, ta fito da soket yana lilo, an naɗe bakinsa da baƙin salatif irin na dashbod. Ba lalacewa sensan ya yi ba, cire shi aka yi.

Albert ya tuna ranar sarai. Za a kai 'yan zumunta taro Kafanchan, rana tana ƙuna, ya ji tsoron kada injin ya tafasa da mata sha takwas a daji. Ya yi abin da direbobin tasha suka koya masa: mota 'yar Beljiyam don sanyin Turai aka ƙera ta, sai ka zare mata wayar nan, fanka ta yi ta juyawa ba tsayawa. Fitila mai ruwan ɗorawa ta kama, matan suka fara salati da kiran Yesu, shi kuwa ya yanki salatif ya rufe mata baki. Har yabon kansa ya yi a ranar.

"Wa ya cire?" Emenike ya tambaya.

Ƙauna ta juya soket ɗin a hannunta. "Wani lokacin gargada takan zare shi," ta ce a hankali, ba ta kalli kowa ba.

Ƙofa ce ta buɗe masa, Albert ya gane. In ya yi shiru kawai, sai a ɗora laifin kan ramukan hanya. Amma ana tuhumarsa da sata, ya fita da ƙarya?

"Gargada ba ta naɗa salatif, 'yata," ya ce. "Dattijo, ni na cire. Ni na rufe fitilar. Wata guda tana gaya mini, na ƙi ji."

Ya shiga ya ɓare salatif ɗin da kansa. Fitilar tana nan a kunne. Ƙauna ta goge soket, ta mayar, ta share abin da ƙwaƙwalwar ta riƙe. Fanka ta yi shiru, fitila ta mutu, na'urar ta nuna digiri tamanin da takwas.

Bayan sun wuce Kwangila, Emenike ya ce a tsaya. Da zai sauka ya ce, "Gobe ka ji," ya rufe ƙofa. Albert ya gaya wa Clara yadda aka yi, ta ce "To," ta zuba masa tuwo. Bai iya ci ba.

Da safe ta riga shi fita. Ya isa majami'a an fara waƙa, ya tsaya a bakin ƙofa, bai san wane benci ne nasa ba. Sai ya ga Clara, cikin anko na zumunta, zaune a bencin baya ita kaɗai, ta ajiye jakarta a gefe tana kama masa wuri. Ashe tun Laraba ta gama shawararta.

Bai kai ga motsawa ba Emenike ya miƙe da takarda a hannu, ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Malam Albert bai ɗauki ko cokali na man mota ba," ya ce. "Ni na zarge shi, ina roƙonsa gafara a gabanku. Sai dai daga yau kwamiti ya haramta masa riƙe salatif."

Aka fashe da dariya, kowa ya waigo. Mai kula da ƙofa ya nuna masa benci na biyu. Albert ya girgiza kai, ya ɗauke jakar Clara ya ɗora a cinyarsa, ya zauna kusa da ita.