Awon Ƙafar Ummi

Kafin kiran sallar farko Mairama ta riga ta hura wuta a tsakar gida, ta ɗora tukunyar wankan jego, ta danna ganyen darbejiya a ciki. Iyakar abin da take yi ke nan. In ba Lahadi ba, ba ta ganin tafasar ruwan. Tana idar da sallar asuba take saɓa jakarta ta fita, domin ofishin da take sharewa a Wuse sai an goge shi tsaf kafin ma'aikata su fara shigowa.

Shekara goma sha tara tana bin wannan hanya, tun rasuwar mijinta Mahmudu. Daga Kurmin Sarki zuwa tasha, daga tasha zuwa Madalla, Zuba, Kubwa, har cikin Abuja, Litinin zuwa Asabar. Ta dawo bayan magariba ƙafafu a kumbure. 'Yarta tilo, Ikilima, tana da shekara shida aka fara wannan zirga-zirga. Ga ta yanzu ta haihu, ta taho daga gidan mijinta a Tafa don ta yi wankan kwana arba'in a gaban uwarta, kamar yadda kowace mai haihuwar fari ke yi. Sai dai uwar ba ta zama a gidan.

Nnenna ce ke yin wankan, 'yar hayar da ke ɗakin ƙofar gida tun Ikilima na ƙarama.

"Je ki aikinki, Maman Ikilima," in ji ta. "A garinmu ma muna gasa mai jego. Ruwan zafi bai fi ƙarfina ba."

Ranar Lahadin farko Mairama ta naɗe hannun riga za ta karɓi aikin, sai Ikilima ta ce, ba tare da wata manufa ba, "Inna, ki huta abinki. Na saba da hannun Mama Nnenna." Mairama ta sauke hannun rigarta ta koma wanke-wanke. Ba mai yawan magana ba ce, ga kuma kunyar 'yar fari, ko sunan Ikilima ba ta faɗa, "ke" take ce mata. Ranar suna kuma surukinta Nasiruddeen ya sa wa jaririyar sunan Mairama, ana kiranta Ummi. Mata na ta yi mata murnar takwara, ita kuwa ji take kamar an ba ta kyautar da ba ta yi aikinta ba.

Washegarin suna, da asuba, ta zari tsinke ɗaya daga tsintsiya ta shiga ɗakin a hankali. Uwa da 'ya suna barci. Ta kara tsinken a tafin ƙafar Ummi, daga dunduniya zuwa babban yatsa, ta karya shi daidai, ta ƙulle a bakin mayafinta.

A bas ɗin da take shiga akwai Patience, mai aikin shago a Wuse, wadda kullum kwarashi na hannunta tana saƙa hulunan yara. Sun shekara uku suna zama kujera ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa su.

"'Yar nan, abin nan da kike yi, tsohuwa za ta iya?"

Patience ta dubi hannuwan Mairama da omo ya cinye. "Mama, me za ki saƙa?"

"Takalmi." Ta kwance tsinken ta nuna mata.

"To ki ƙara faɗin yatsa ɗaya a kan wannan. Ƙafar jariri ba ta tsayawa."

"Da hannuna na auna," in ji Mairama. Patience ta ɗaga kafaɗa, ta ara mata kwarashi, ta yago mata zaren ulu ruwan ƙwai.

Kwana huɗu ta yi a kan sarƙar farko kaɗai. Hannun da ya saba da matse tsumma bai san sassauci ba, ta riƙa ɗaure zaren tamau har kwarashin ya kasa shiga. Direba ya faɗa rami, zaren ya suɓuce, ta manta lissafin zagayen da take. Patience ta karɓa, ta ja bakin zaren, aikin safiya guda ya warware a cinyarta.

"Mama, ba akuya kike ɗaurewa ba fa. Saki hannunki."

"Ke dai nuna mini, ban da surutu."

Cunkoson Zuba, da ta yi shekaru tana tsine masa, ya zama lokacin aikinta. In mota ta tsaya cik sai ta ji daɗi. A gida kuwa ba ta taɓa fito da saƙar ba, tana ƙasan jaka cikin leda. So take ranar arba'in, kafin a mai da Ikilima Tafa, a ga abu ɗaya a jikin yarinyar nan wanda hannunta ne ya yi.

Na farko ya ci kwana ashirin, ya fito a ƙanƙance, da tauri kamar murfin kwalba. Na biyu ya zo da sauƙi, hannu ya fara saki, sai ya ɗan fi ɗan'uwansa girma. Ta gwada su da tsinken, duka biyun sun yi kusa. Ta ɗaura musu igiya ta bar su haka.

Arba'in ta faɗo ranar Alhamis. Mairama ta roƙi hutun kwana ɗaya a wurin aiki, aka ba ta ba tare da ko tambaya ba, wannan ma ya tsaya mata a rai. Ashe da ta roƙa tun farko da an ba ta. Ran nan ta zauna gaban murhu har ruwan ya tafasa, ita ta yi wankan ƙarshe, Nnenna na tsaye a kanta tana cewa a rage zafi, a fara ta baya.

Da hantsi, ana haɗa kayan komawa, Mairama ta ajiye ledar a gefen katifa.

"Ke, ga wannan. Ki gwada mata."

Ikilima ta buɗe, ta juya takalman a tafin hannunta. "Inna, ke kika yi?"

"Gwada dai."

Na farko ko yatsu bai wuce ba. Na biyu ya shiga da ƙyar, dunduniya a waje, Ummi ta tsandara kuka ta harba ƙafa. Nnenna da ke naɗe zannuwa ta fashe da dariya.

"Kai, Maman Ikilima! Kin sake! Kamar jan takalmin sallan nan da kika sayo mata a Wuse. Kwana uku yarinyar nan tana ɗingishi, ni na riƙa shafa mata mai a ƙafa."

Mairama ta tuna takalmin sarai. Ikilima na da shekara tara, ita kuma ta saye shi da ka, ba ta auna ba. Abin da ba ta sani ba shi ne ɗingishin.

"Ya matse ki?"

Ikilima ta sunkuyar da kai tana jijjiga Ummi. "Kaɗan."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na ga kin dawo a gajiye, kuma kina ta murna da shi."

Dariyar Nnenna ta tsaya, ta ɗauki bokiti ta fita. Mairama ta daɗe tana kallon ƙafar 'yarta a kan tabarma, ƙafar babbar mace, ba ta san ko lamba nawa take sawa ba. Ta tashi ta zaro sabon tsinke, ta durƙusa, ta kama ƙafar Ummi ta auna. Ta jera shi da tsohon. Bambancin ya kusa faɗin yatsa.

Ta miƙa hannu za ta kwashe takalman, Ikilima ta riga ta, ta cusa su cikin jakar kayan jaririyar.

"Waɗannan nawa ne. Amma Inna, wannan tsinken ma nan da sati biyu ya tashi aiki."

"To ya zan yi?"

"Tafa ba nisa. Ki riƙa zuwa kina aunawa."

Mairama ta miƙe tsaye. Ta ɗauki akwatin Ikilima ta kai motar da za ta mai da su Tafa.

Lahadi ita ce ranar da take wanki ta miƙe ƙafa. Lahadin da ta biyo baya, da hantsi, tana tasha, ta wuce layin motocin Abuja ba ta ko waiwaya ba. Ta samu gefen taga a motar Tafa, ta ɗora leda a cinya. Kafin mota ta cika ta fito da kwarashi da tafin takalmi da ta kai rabi, ta kara shi da sabon tsinken, ta sa yatsarta ɗaya a gaba, ta ci gaba da saƙa.