Na Ce Ba Na Jin Hausa, Abokin Wasana Ya Kusa Mutuwa A Filin Ƙanƙara

A shekarar da abin ya faru ina ɗan shekara goma sha shida, haifaffen Jidda, muna zaune a unguwar Sharafiyya tare da kakata. A gida da Hausa ake yi mini magana, ni kuma in amsa da Larabci. A waje kuwa ban taɓa bari wani ya san ina jin ta ba, don tun ina firamare na gaji da kalmar takari da yara ke jifa na da ita. Babu abin da nake so a lokacin kamar hoki na kan ƙanƙara. A cikin wani babban mol, wato ginin rukunin shaguna, filin yake, waje rana na ƙona mutum, ciki kuwa sai da safar hannu. Ƙungiyoyin matasa kaɗan ne a gasar, ni ina buga wa tamu baya.

A farkon kakar wasan aka kawo mana sabon ɗan wasa daga Yamai, iƙamar gidansu, wato takardar izinin zama, ba ta daɗe da fitowa ba. A can ya saba gudu da takalmi mai taya, saboda haka ƙanƙara ba ta ba shi wuya ba. Amma Hausa da Faransanci kawai yake ji. Ranar farko, muna ɗaura takalma, ya dube ni fuskarsa cike da murna ya gaishe ni da Hausa. Na amsa masa da Larabci cewa ban gane ba. Kocinmu ma ya tambaye ni ko zan iya fassara masa, na girgiza kai. Haka yaron ya yi makonni ba ya gane umarni, a ce ya yi hagu ya yi dama, har koci ya riƙa ajiye shi a benci. Wasa uku a jere aka cinye mu, ni kuma na san dalili, na yi gum.

Wata Asabar da safe muna atisaye sai yaron ya durƙushe a tsakiyar fili yana riƙe da ƙirji. Koci ya ɗauka sandar wasa ce ta buge shi, yana ta duba haƙarƙarinsa. Yaron kuwa da ƙyar yake cewa da Hausa, “Asma ce, maganina yana cikin jaka.” Na ji kowace kalma. Allah ya gafarta mini, kafin in motsa sai da na fara duba wa zai gane asirina. Da na ga leɓɓansa sun fara sauya launi na jefar da sanda, na ruga na zazzage jakar, na kawo maganin shaƙar. Na durƙusa kusa da shi ina lallashinsa da guntuwar Hausata har numfashinsa ya dawo.

Babu wanda ya yi mini dariya. Koci ne kawai ya yi mini faɗa sosai, ya ce halas, wato shi ke nan, daga yau ni ne tafinta. Yaron kuma da na nemi gafararsa ya ce tun ranar farko ya gane ina jin Hausa, ya dai bar ni ne. Da na gaya wa kakata, sai ta ce in kawo shi ya ci tuwo.

Daga nan wasanmu ya sauya. Ni da shi muka riƙa kiran juna da Hausa a fili, abokan hamayya ba su san me muke shiryawa ba, har ’yan ƙungiyarmu suka koma cewa maza a maimakon yalla ta Larabci. Muka kai wasan ƙarshe, da ƙungiyar da ta fara cinye mu. Ana biyu da biyu, saura kaɗan a tashi, na ƙwace faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo na ce masa ya zagaya bayan raga, na tura masa, ya jefa. Mu muka ɗauki kofin, kuma shi aka fara miƙa wa.

Har yau in na tuna ɗan jinkirin da na yi a tsaye da sanda a hannu, gabana yana faɗuwa. Waɗanda nake jin kunyarsu ashe ko a jikinsu, amma ɗan’uwana ya kusa rasa ransa. ’Yan’uwana da aka haifa a nan, kada kunya ta sa ku musanta harshen gidanku. Ba ku san ranar da ran wani zai dogara da shi ba.